Gyaɗar Da Muke Kaiwa Gida

A wannan wata muna roƙon ku ba mu aron hankalinku, domin za mu fito da wata magana ta cikin gida wadda muka daɗe muna rufewa. Mun yi shawara a tsakaninmu, muka ga cewa rufe ta ba zai dawo mana da wanda muka rasa ba, alhali kuwa faɗinta yana iya tsare wa wani gida nasa mutumin.

Mu bakwai mahaifinmu ya bari, maza huɗu mata uku, yau kuwa mu shida ne. Babbanmu, wanda duk muke kira Yaya, shi Allah ya yi wa rasuwa yana da shekara 43. Fataucin gyaɗa ne sana'arsa tun yana saurayi. Da kaka ta yi, sai ya shiga kasuwannin Pitowa da Ngong da Gidar, ya tara buhuna, ya ɗora wa mota zuwa Ngaundare, daga can jirgin ƙasa ya gangara da su kudu. Da wannan gyaɗa ya aurar da ƙannenmu mata, da ita ya biya wa ƙaraminmu kuɗin makaranta, da ita kuma ya kai Inna aikin hajji.

Duk wanda ya san sana'ar ya san yadda ake yi. In an sauke buhuna, sai a kira mata su zauna a tabarma da faranti su tsince. Mai kyau, cikakkiya, ita ce ta kasuwa, domin mai saye daga kudu ba ya wasa, sai ya tura hannu can cikin buhu kafin ya taya. Wadda ta motse, da wadda ƙwaro ya huda, da wadda ta yi baƙi ko ta yi wani kore-kore kamar an barbaɗa mata gari, ita ake warewa gefe. A gidanmu sunanta "ta gida". Ba a zubar da ita, domin a tarbiyyarmu zubar da abinci almubazzaranci ne. Da ita ake dama kunu, da ita ake miya, da ita ake matse mai a toya ƙuli-ƙuli, wanda maƙwabtanmu Fulani ke ce wa abaakuru. In ta yi ɗaci a ƙara sukari. Haka muka tashi, haka 'ya'yanmu suka tashi, kuma Yaya da ke wuni a shago shi ya fi kowa jefa ta a baki.

Ciwon ya zo masa a hankali. Ya fara ramewa, abinci ya fita ransa, yana yawan dafa gefen cikinsa na dama. Da idanunsa suka yi rawaya aka ce shawara ce, aka jiƙa masa saiwoyi. Da cikin ya fara kumbura kamar tulu, sai maganar ta sauya, aka fara cewa wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne. Sai da ƙafafu suka kumbura muka kai shi asibiti. Likita ya ɗauki jini, ya ɗauki hoton ciki, ya kira mu gefe ya ce Yaya yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta samfurin B, wataƙila tun yana yaro, kuma ciwon daji ya riga ya cinye yawancin hantar. Bai cika wata uku ba bayan wannan rana muka kai shi makwancinsa.

Ga abin da ya fi yi mana nauyin faɗi. Mun ji maganar likita da kunne, amma zuciya ba ta karɓa ba. Yaya yana da abokin ciniki da suka yi shekara 15 tare, kuma sun ɗan sami saɓani kan kuɗin mota kafin ciwon. Sai muka ɗora wa bawan Allah nan laifin sammu. Ba mu faɗa masa a fuska ba, amma ya zo gaisuwar mutuwa muka amsa masa a daƙile, ya yi bikin 'yarsa ba wanda ya taka a cikinmu. Shekara da shekaru muna haɗuwa a masallacin Juma'a kowa na kau da kai.

Wadda ta warware mana wannan ƙulli ita ce 'yar Yaya ta fari. Allah ya ba ta kan karatu, ta tafi jami'ar Ngaundare ta karanci ilmin sinadaran jikin ɗan Adam. Wani hutu ta dawo ta tarar da babbar gwaggonta ta baza "ta gida" za ta soya. Ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, don Allah ki yi haƙuri, kada ki ɗora wannan a wuta." Da dare ta nemi mu baffanninta mu zauna a zaure, ta ce, "Baffa, ku gafarce ni, ƙaramin baki ne zai yi babbar magana. Ina so in gaya muku abin da na karanta game da irin ciwon da ya ɗauke Baba." Abin da za mu kawo muku a ƙasa daga wannan zama ya samo asali, da kuma abin da muka bi muka ƙara tambaya daga baya.

Ta fara ne da tuna mana labarin da kowa ya sani a gidanmu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin zaure ne, kuma yana juya wa mutane littattafan fiƙihu da rubuce-rubucen ajami da hannu, tun ba a san injin ɗaukar hoton takarda ba a garin nan. Yana da almajirai biyu masu taya shi. Na farko mai tsantseni ne ƙwarai, in ya rubuta kalma sai ya waiwaya ya duba ta. Amma in ya iso inda gara ta ci warƙa, ko ruwa ya ɓata tawada, sai ya ajiye alƙalami, ba zai ƙara ko ɗigo ba sai an samo wani littafin an gwada. Na biyu kuwa mai saurin hannu ne, in ya iso wurin da ya lalace sai ya kintata, ya cike gurbin, ya wuce. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya yi kure. Malam yakan yi masa faɗa, amma bai taɓa korarsa ba. In mai littafi zai yi tafiya gobe, kuma aiki ya tsaya a kan saɗara ɗaya, sai Malam ya miƙa wa mai saurin hannu ya haye wannan saɗarar kaɗai, sannan ya mayar wa mai tsantseni ya ci gaba. Yakan ce da hanau gara mannau.

To, jama'a, ashe irin wannan tsari yana cikin jikin kowannenmu. Jiki an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kuma a cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon zare da masana ke kira DNA, masu Faransanci kuma ADN. Wannan zare shi ne littafin gado. An rubuta shi da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, kuma abin da mutum ya gada daga uwa ya kai harafi wajen miliyan 3,000, haka ma na wajen uba. Zaren tufka biyu ne, kuma haruffan suna tafiya ne bibbiyu: A kullum tana fuskantar T, G kuma tana fuskantar C. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu, don yaro ya girma ko rauni ya warke ko hanta ta sabunta kanta, dole a juya littafin nan gaba ɗaya, kowace sabuwar ƙwaya ta tafi da nata.

Mai yin wannan juyi wani sinadari ne da ake kira polimeras. Wani Ba'amurke, Arthur Kornberg, shi ya fara gano irinsa a cikin ƙwayar bakteriya a 1956. Manyan polimeras masu juya yawancin littafin su ne almajiri mai tsantseni. Suna duba kowane harafi bayan sun ɗora shi, in kure ne su cire, sannan akwai wasu masu bita da ke biyo bayansu. In aka haɗa duka, kuren da ke tsira bai wuce ɗaya a cikin harafi miliyan 1,000 ba. Sai dai wurin da suke karɓar harafi matsattse ne, an yi shi daidai da lafiyayyen harafi. Da zarar sun ci karo da wanda ya lalace, sai su tsaya cik.

Haruffa kuwa suna lalacewa kullum. Tomas Lindahl, ɗan ƙasar Suwidin, ya nuna cewa ko ba wata guba, dubban wurare ne ke lalacewa a zaren kowace ƙwaya a kowace rana. Ga zafin rana a kan fata, ga hayaƙin taba da na itace, ga abin da ke shiga ta baki. Jiki yana da masu gyara da ke yanke ɓarnar su sake rubutawa, kuma a kan wannan ilmi ne aka ba Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar, haifaffen Turkiyya, kyautar Nobel a 2015. Amma masu gyara ba sa cim ma komai. Wani lokaci juyi yakan iso wurin kafin gyara ya iso. In aikin ya tsaya ya daɗe a tsaye, zaren yana iya tsinkewa, ƙwayar ta mutu ko littafin ya hargitse gaba ɗaya.

A nan ne ake kiran almajiri mai saurin hannu. Tun farkon shekarun 1970 Evelyn Witkin da Miroslav Radman suka lura cewa bakteriya, in zarenta ya sha ɓarna, tana buɗe wata hanyar gaggawa da ke cetonta daga mutuwa amma tana ƙara mata kurakurai. An daɗe ba a kama masu wannan aiki ba. A 1996 Christopher Lawrence da abokan aikinsa a Rochester ta Amurka suka fito da ɗaya daga cikin ƙwayar yis, aka sa masa suna Zeta. A 1999 aka gano wasu da dama kusan a lokaci guda. Yau an san cewa ɗan Adam yana da polimeras aƙalla iri 15, kuma daga cikinsu akwai Eta da Iyota da Kappa da Rev1 da shi Zeta, waɗanda aikinsu shi ne haye wurin da ya lalace. Wurin karɓar harafinsu yalwatacce ne, yana ɗaukar harafin da ya karkace ko wanda wani abu ya manne masa, kuma ba sa waiwaye su duba abin da suka rubuta. Saboda haka wasunsu kan yi kure ɗaya a cikin harafi 100 zuwa 1,000. Jiki ya san halinsu, shi ya sa ba ya sakar musu littafin. Akwai wani zobe da ke riƙe mai juyi a kan zare, kuma a 2002 Stefan Jentsch da mutanensa a Jamus suka nuna cewa in aiki ya tsaya, ana liƙa wa zoben wata alama da ke kiran masu saurin hannu. Su rubuta 'yan haruffa, su sauka, mai tsantseni ya karɓa.

Ɗaya daga cikinmu ya katse ta a nan ya ce, "To 'yar nan, in haka ne ai waɗannan su ne maƙiyan jiki." Ta ce, "A'a Baffa, ba don su ba da ba mu rayu ba." A shekarar 2000 an gwada a kan ɓeraye, aka tarar wanda aka cire wa Zeta yana mutuwa tun yana cikin uwarsa. Shi kuwa Eta, gwani ne a kan ɓarnar rana. Hasken rana yakan manne T biyu da ke maƙwabtaka, shi kuma Eta yakan ɗora A biyu a gabansu, wanda shi ne daidai. A 1999 Fumio Hanaoka a Japan, da Louise da Satya Prakash a Texas, suka gano cewa akwai mutanen da ake haifa babu lafiyayyen Eta. Su ne wani kaso na masu wata cutar gado ta fata, wadda aka fi gani a Tunisiya da Maroko da Japan. Tunda gwanin ba ya nan, sai waɗanda ba su iya ba su karɓi aikin, kurakurai su taru, ciwon dajin fata ya kama su. Bugu da ƙari, ƙwayoyin jinin da ke ƙera mana garkuwa da gangan suke amfani da kuren Eta, su yi ta sauya fasalin makaminsu har a sami wanda ya dace da sabuwar cuta. Ashe kure ma yana da ranarsa.

Yanzu sai mu dawo kan buhun gyaɗa. Wannan kore-koren da muke gani funfuna ce, sunanta a wurin masana Aspergillus flavus. A cikin ƙasa take zaune, tana son zafi, kuma tana samun ƙofa ne in fari ya matsa wa shuka lokacin da take cika 'ya'ya, ko ƙwaro ya huda ɓawo, ko aka tara amfanin gona bai gama bushewa ba. Ku duba yadda kakarmu take a nan kwarin Binuwai: ana cire gyaɗa a watan Satumba da Oktoba, sau da yawa ruwa bai gama ɗaukewa ba, a shanya a ƙasa, raɓa ta sauka, a ɗure a buhun leda. Masara ma haka. Funfunar tana fitar da guba mai suna aflatoksin. An gano ta ne bayan da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Brazil. Gubar ba ta mutuwa da dafuwa ko suya irin ta gida, kuma in an matse mai, yawancinta a tunkuza take zama, wato a ƙuli-ƙuli. In ta yi yawa ƙwarai tana kisa nan take, kamar yadda ya faru a gabashin Kenya a 2004, inda mutum 125 suka rasu bayan cin gurɓatacciyar masara. Amma abin da ya fi yawa shi ne ci kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru, ba tare da ko ciwon ciki ba.

Duk abin da aka ci, hanta ce ke tace shi. A ƙoƙarinta na sarrafa aflatoksin, sai ta mayar da ita wani abu mai danƙo da ke zuwa ya manne wa harafin G a cikin zaren ƙwayoyin hantar kanta. In masu gyara sun riga sun cire shi, shi ke nan. In kuwa juyi ya iso yana nan, mai tsantseni ya tsaya, a kira mai saurin hannu. Binciken da Stephen Lloyd da abokan aikinsa suka yi a Oregon ta Amurka, wanda suka fitar a 2014 da 2016, ya nuna cewa Zeta ne kan gaba wajen haye wannan wuri, kuma mafi yawan lokuta A ake ɗorawa a inda ya kamata a ɗora C. In aka sake juyi, A ɗin nan za ta kira T. Ta haka G ta asali ta zama T har abada, duk ƙwayar da ta fito daga wannan za ta gaji kuren. Sun kuma nuna cewa ƙwayar da ba ta da Zeta, in gubar ta same ta, zarenta kakkaryewa yake yi. Wato ƙwayar ta tsira da ranta, amma ta tsira da tabo.

Yawancin irin wannan tabo ba ya cutarwa, domin littafin yana da faɗi. Matsalar ita ce ranar da ya faɗa a kan babi mai muhimmanci. Akwai wani babi da ake kira p53, wanda aikinsa gadi ne: in ƙwaya ta lalace, shi ke hana ta rabuwa, ko ya sa ta kashe kanta. A 1991 ƙungiyoyin masana biyu suka duba ciwon dajin hanta, ɗaya a Qidong ta ƙasar Sin, ɗaya a kudancin Afirka har da Mozambik, duk wuraren da ake cin aflatoksin da yawa. Suka tarar a cikin kusan rabin marasa lafiyar, kure ɗaya ne a wuri ɗaya: kalma ta 249 ta wannan babi, wadda ya kamata ta zama AGG, ta koma AGT. Daga baya an ga wannan tabo a Senegal da Gambiya, alhali a Turai da ƙyar ake ganinsa. Harafi ɗaya tak, mai gadi ya daina aiki.

Saura ƙwayar ciwon hanta samfurin B. Ita tana sa hanta cikin kumburi na shekaru, ƙwayoyi na mutuwa ana maye gurbinsu, wato ana ta juya littafin ba hutawa. Yawan juyi kuwa, a kan littafin da guba ta ɓata, shi ne yawan kiran mai saurin hannu. An bi maza fiye da 18,000 a birnin Shanghai, aka fitar da sakamako a 1994: mai alamar aflatoksin kaɗai haɗarinsa na kamuwa da dajin hanta ya ninka kamar sau 3, mai ƙwayar B kaɗai kamar sau 7, wanda ya haɗa biyun kuwa kusan sau 60. A nan Kamaru binciken ƙasa ya nuna cewa wajen mutum ɗaya cikin goma na manya yana ɗauke da ƙwayar, kuma arewa ta fi kudu. Yawanci tun ƙuruciya ake ɗauka, daga uwa wajen haihuwa, ko tsakanin yara, ko ta askar da aka yi wa wani aiki da ita ba a sauya ba. Da yarinyar nan ta kawo nan, zauren ya yi tsit. Abubuwan nan biyu duk a gidanmu suka kwana, ɗaya a jinin Yaya, ɗaya a kwanon da muke ci tare.

Ba mu kawo wannan don mu tsorata kowa da gyaɗa ba. Gyaɗa abinci ce mai albarka, ita ce rufin asirin dubban gidaje daga Benuwe har Diamare. Abin da muka fahimta shi ne, ba mu da iko a kan almajirin da ke cikin jikinmu, haka aka halicce shi, kuma yana yin iyakar ƙoƙarinsa. Ikonmu yana kan yawan warƙoƙin da muke miƙa masa a lalace. Kuma an gwada an gani. A yankin Kindiya na ƙasar Gini an ɗauki ƙauyuka 20, aka koya wa rabinsu abubuwa masu sauƙi: tsince gyaɗa da hannu, shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, tabbatar da ta bushe sarai, zubawa a buhun algarara, ɗora buhu a kan katako, da maganin ƙwari a ɗakin ajiya. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna cewa bayan wata biyar gubar da ke jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ba ta kai rabin ta sauran ba. A Qidong kuwa, da mutane suka bar masara suka koma shinkafa daga tsakiyar shekarun 1980, mutuwa daga dajin hanta ta ragu ƙwarai. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da Aflasafe, wato irin funfunar da ba ta fitar da guba, a watsa a gona ta kori mai gubar. Ta ɓangaren ƙwayar B, tun 2005 rigakafinta ya shiga cikin alluran yara a Kamaru, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Wanda ya riga ya kamu ma akwai magani irin su tenofovir da ke danne ƙwayar, in likita ya ga ya dace.

Bayan wannan zama mu shida muka je gwajin jini da matanmu da 'ya'yanmu. Biyu a cikinmu aka samu da ƙwayar, yanzu suna ganin likita a kai a kai, ɗaya yana shan magani. Waɗanda ba su da ita aka yi musu rigakafi. Wanzamin gidanmu mun gaya masa kowane yaro da sabuwar rezarsa. "Ta gida" kuwa mun hana ta shiga gida. Ba mu sayar wa mata masu ƙuli-ƙuli, domin abin da ka ƙi wa ɗanka bai kamata ka miƙa wa ɗan wani ba, ba kuma mu ba saniyar tatsa, domin gubar tana bi ta nono. Rami ake haƙawa a binne. Ba za mu ɓoye muku ba, asara ce, kuma ƙaninmu da ya gaji shagon yana jin ta a aljihu kowace kaka. Inna ma ta daɗe ba ta yarda ba, tana cewa sun ci shekara da shekaru ba abin da ya same su. Gaskiya ne, ba kowa ke kamuwa ba, kamar yadda ba kowane kuren almajiri ke ɓata hukunci ba. Amma mun riga mun ga wanda ya faɗa a kansa.

Abu na ƙarshe da muka yi shi ne mafi wuya. Wata Juma'a bayan la'asar mu maza uku muka tafi gidan abokin cinikin Yaya. Ya tsufa, ido ya fara rauni. Muka gaisa, muka yi shiru, sannan babbanmu ya ce, "Alhaji, mun zo neman gafara ne. Mun zarge ka da abin da ba ka ji ba ba ka gani ba." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Na sani tun ranar gaisuwa. Na bar wa Allah tun tuni. Ni ma ɗan'uwa na rasa." Da muka ba shi labarin gyaɗar, sai ya aika aka kira manyan 'ya'yansa, ya ce mu maimaita a gabansu, domin su ma a gidansu haka ake yi.

'Yan uwa, mun yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma kwanan Yaya ne ya ƙare. Amma wanda ya hukunta ajali shi ne ya umarce mu da riƙon sababi. Kaka na tafe. Mai gona ya shanya a kan tabarma ya bari ta bushe. Mai shago ya ɗaga buhu daga ƙasa. Uwar gida ta tsince kafin ta soya, in ta ji ɗaci ta tofar. Mai jariri ya tambayi allurar hanta, babba kuma ya je a duba jininsa tun yana jin ƙarfi. In kuma ciki ya kumbura wa wani a gida, a riga kai shi asibiti kafin a fara lissafin maƙiya.

Allah ya jiƙan Yaya da mahaifinmu da dukkan musulmin da suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a gonakinmu da kasuwanninmu.